Ɓarayin Mota Da Kayan Tsaron Da Dillalai Ke Tallatawa

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota a Kaduna cikin 'yan shekarun nan ya san ciniki ba ya ƙarewa sa'ad da mai mota ya ce ya sallama. Da kuɗi sun shiga hannu, sai dillali ya gyara zama, ya sassauta murya, ya ce, "Alhaji, ai ba a fita da ita haka. Garin nan ba kamar da ba ne." Kowa Alhaji ne a bakin dillali ranar da ya biya. Sa'an nan ya shiga jera maka kaya: ga tiraka mai nuna inda mota ta ke, ga sikiriti mai kashe inji, ga jiniya, ga zanen lamba a jikin gilashi, ga kwaɗon sitiyari. Kowanne da kuɗinsa, in an tara su kuwa sai ka tarar sun lashe abin da ka ware don rajista da lasin.

Mai saye a wannan sa'a ba shi da ƙarfin musu. Malamin makaranta ne, ko akawun ƙaramar hukuma, ya yi shekara huɗu ko biyar yana zubin adashi, ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, watakila har ya sayar da filin da ya gada, kafin ya haɗa kuɗin wannan Corolla da wani Ba'amurke ya gaji da hawa. In ta ɓace ba zai mai da irinta ba. A watan Mayu na 2023 dalar Amurka ɗaya kamar naira 460 ce a farashin gwamnati, kafin watan Maris na 2024 ta haye naira 1,500. Motar waje kuwa da dala a ke sayenta, kayan gyaranta ma haka. Saboda haka tsoron na gaskiya ne, ba dillali ya ƙaga shi ba. Abin da mu ke so mu bincika tare da masu karatu shi ne, cikin kayan nan wanne ya ci kuɗinsa, wanne kuma ribar dillali ce kurum.

Bari mu ɗauki unguwa guda mu yi misali da ita, don magana ta sami wurin zama. Rafin Guza tana Kaduna ta Arewa, a yankin Kawo, ta gangara wajen kogi. Kamar sauran unguwannin da suka cika da jama'a kafin a shata musu tituna, gidaje da yawa a cikinta zaure gare su, ba ƙofar da mota za ta shiga, waɗansu lungunan ma sai babur. Don haka motar ma'aikaci a waje ta ke kwana, a ƙofar gida in lungu ya yarda, ko gefen masallaci, ko gidan mai, ko harabar wani maƙwabci mai hali. In damina ta yi ƙarfi kogi ya fara tumbatsa, sai a ƙara matsar da ita tudu, nesa da kunnen mai ita.

Ga kuma hanya. Kawo ƙofar gari ce. Daga gadar Kawo, wadda aka sake ginawa aka buɗe a watan Janairu na 2022, in ka miƙe arewa Zariya ba ta wuce mil 50 ba, daga can kuwa ko Kano, ko Funtuwa da Katsina har iyakar Jibiya, inda Maraɗi ke tsallake. In ka karkata yamma ta Mando, ga hanyar Birnin Gwari, ga titin Nnamdi Azikiwe da ke zagaye gari ya sada ka da hanyar Abuja. Motar da aka tayar da ƙarfe biyun dare, kafin ladan ya kira assalatu tana iya barin jihar. Ba muna cewa Rafin Guza ta fi sauran unguwanni ɓarayi ba ne. Abin da muka faɗa ya hau kan Hayin Banki, da Unguwar Dosa, da Badarawa, da kowace unguwa inda mota ke kwana a fili kusa da babbar hanya.

Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e za su tuna lokacin da abin hawan akawu keken Raleigh ne, da ɗan farantin lasin ɗaure a jikinsa, in dare ya yi a shigar da shi ɗaki ya kwana tare da mai shi. Mota sai manyan ma'aikata da gwamnati ta ba bashin saye, kuma a gari kowa ya san motar kowa. Da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, Fijo ta cika gari, sai ya zama ba a iya shaida ta wane da ta wane daga nesa. Tsaron motocin wannan zamani duka ɗan ƙarfen makulli ne, wanda ya san wayoyin da za a haɗa a ƙarƙashin sitiyari ya gama aiki. Sarƙa da kwaɗo a jikin birki da kuloci, abin da har wa yau ba a daina gani ba, maganin da direbobi suka samo wa kansu ke nan.

Ɓarayin Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Akwai mai ɗaukar mota a ajiye, wanda ba ya son ku haɗu ko kaɗan. Wurin aikinsa ƙofar gida da tsakar dare, da bakin kasuwa, da wurin ɗaurin aure, da ranar Juma'a sa'ad da jama'a duka suka ba motoci baya suka fuskanci alƙibla. Akwai ɗan fashi mai bindiga, wanda ke tare ka a bakin ƙofa yayin da ka sauka buɗe get, inji na aiki, makulli na ciki. Akwai wanda bai damu da motar ba, gaɓoɓinta ya ke so: batir, madubi, fitila, ƙwaƙwalwar inji, da tukunyar nan ta jikin salansa da kanikawa su ke kira indomi, wadda ke ɗauke da ƙarafa masu tsada. Akwai kuma na gida, wanda kai da kanka ka miƙa wa makulli a wurin wanki ko a gareji, ya kai aka yanka masa irinsa, ya dawo maka da naka yana yi maka sannu da zuwa.

Kowane abin tsaro da irin ɓarawon da ya ke tarewa, babu guda da ke tare su duka. Dillali kuwa yakan yi tallar kowanne kamar mai maganin gargajiya a tasha, gora ɗaya cuta casa'in da tara. Kada kuma mai tsohuwar mota ya ce wa zai kula da tawa. Motar da ta fi yawa a titi ita ce kayanta suka fi kasuwa, kuma motar da aka yi wa gunduwa-gunduwa aka watsa cikin rumfunan kayan gyara ba ta sake amsa sunanta.

Tsaron Da Ya Zo Da Motar

Abin da ya fi dukkan kayan dillali amfani, sau da yawa yana cikin motar tun daga inda aka ƙera ta, ba a kuwa ƙara ko kwabo a kansa. Cikin baƙin kan makullin akwai wata 'yar ƙwaya mai ɗauke da lambar asiri. Kewaye da ramin da a ke zura makulli akwai zobe mai karanta wannan lamba ya kai wa ƙwaƙwalwar inji. In lamba ta dace inji ya tashi. In ba ta dace ba, ko an murɗa, ko an haɗa waya, ƙwaƙwalwar ba za ta saki mai da wuta ba. Mu kira shi dabaibayin inji, don aikinsa ke nan: doki na nan da ƙafafunsa, amma ba inda za shi.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun tilasta sa shi a kowace sabuwar mota tun 1998, Ostareliya ta bi a 2001, Kanada a 2007. Waɗansu masana biyu na ƙasar Holan, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun bi lissafin 'yan sandan ƙasarsu, suka buga sakamakonsu a 2016, inda suka nuna wannan 'yar ƙwaya ta rage satar mota da misalin kashi 40 cikin 100.

Amurka kuwa ba ta yi irin wannan doka ba, ga shi daga can ne rabo mai yawa na motocin gwanjonmu ke fitowa. A cikin motoci ƙirar 2015 da aka sayar a can, na sauran kamfanoni kashi 96 cikin 100 suna da dabaibayin, amma na Hyundai da Kia kashi 26 kaɗai. A 2021 samarin birnin Milwaukee suka gano haka, suka riƙa ɓalle murfin sitiyari suna tayar da mota da bakin wayar cajin salula, suna ɗaukar kansu hoto suna sawa a TikTok. A wannan shekara kamar kashi biyu cikin uku na motocin da aka sace a birnin na kamfanonin nan biyu ne. Abin ya bazu ko'ina cikin ƙasar, har a 2023 kamfanonin suka yarda su biya diyya ta misalin dala miliyan 200, suka gyara tsarin motocin kyauta, suka kuma raba wa jama'a kwaɗon sitiyari ta hannun 'yan sanda. A lura da wannan na ƙarshe. Manyan kamfanoni masu injiniyoyi dubbai, da wuta ta kama, sandar ƙarfe da kwaɗo suka koma wa.

To, tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi wa dillali ita ce, motar nan tana da dabaibayi, kuma yana aiki? Gwajin ba wuya. A kai makulli a yanka irinsa na ƙarfe zalla, marar ƙwaya. In ya buɗe ƙofa, ya murɗa, amma inji ya ƙi tashi, lafiya lau. In kuwa ya tashi, ɗayan biyu ne: ko motar ba ta zo da shi ba, ko wani mai wayarin ya kwance shi. Wannan na biyu ya yi yawa a garejinmu. Makulli ya ɓace, ko an canja ƙwaƙwalwar inji, sai a ga sayen sabon makulli mai ƙwaya da saita shi ya yi tsada, a ciro ƙwayar daga makulli ɗayan da ya rage a manne ta jikin zoben har abada, a yanka makullan banza uku a miƙa wa mai mota yana godiya. An ɗaure mai gadi an ajiye shi a zaure ke nan. Wanda ya tarar da motarsa haka, kuɗin da zai ba dillali na jiniya gara ya kai su a mayar masa da dabaibayinsa.

Masu sababbin motoci da a ke tayarwa da danna maɓalli kada su yi dariya. Nasu makullin yana magana da motar ta iska, ɓarayin Turai da Kanada kuwa sun daɗe da koyon tsayawa jikin bango da na'urar da ke jawo muryar makullin daga cikin ɗaki ta kai wa motar a waje. Waɗansu ta ramin da bakanike ke jona kwamfutarsa su ke shiga, su saita wa kansu sabon makulli. A 2022 an sace wata Toyota RAV4 a Landan ta hanyar zare fitilar gaba a jona na'ura a wayoyinta, mai motar kuwa masanin tsaron kwamfutar motoci ne, shi da abokin aikinsa suka bi diddigi suka bayyana wa duniya dabarar a 2023. Dabara ba ta neman biza, in ta yi aiki a can za ta iso nan. Maganin jawo murya dai mai araha ne, a kwanar da makulli cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, nesa da ƙofa.

Wannan ya kawo mu ga kwaɗo. Mu a ganinmu, cikin duk abin da dillali zai ɗora a tebur, ƙarfen da ke kulle birki ko sitiyari shi ne wanda ba mu shakkar cewa a saya. Ba ya buƙatar batir ko sabis, ruwan damina ba ya lalata shi, ga shi a fili ɓarawo na hangensa ta gilashi. Lalle ana iya yanka shi, amma yanka na son lokaci, yana kuma da ƙara, mai ɗauka a ajiye kuwa abin da ya fi ƙi ke nan. In motoci biyar na jere, huɗu ba kwaɗo, ba zai zaɓi ta biyar ba. Na birki ya fi na sitiyari wuyar sha'ani, don sitiyari da kansa a kan yanka a zare sandar. Sai dai ba dole a saya wurin dillali ba. A taya a kasuwa tukuna, ko a je Panteka mai walda ya auna motar ya ƙera daidai da ita, a sa masa kwaɗo na kirki. Aibinsa ɗaya ne, ƙyuya. Ƙarfen da ke kwance a but ranar da aka ce "minti biyar zan yi" bai tsare kowa ba.

Tiraka

A nan ne kuɗi suka fi yawa, a nan kuma alkawari ya fi daɗi. Tiraka ɗan akwati ne da a ke ɓoyewa cikin mota. Yana sauraron taurarin ɗan'adam ya san inda ya ke, sa'an nan ya aiko maka da labari ta layin waya da ke cikinsa. Yawancinsu a kan haɗa su da famfon mai, yadda in ka aika saƙo daga wayarka inji zai mutu. Abu na farko da za a gane shi ne ba ya hana sata. Aikinsa yana farawa bayan mota ta tafi.

Ba mu raina shi ba. A Amurka akwai irinsa mai suna LoJack, wanda aka fara sayarwa a 1986. Masana biyu, Ian Ayres da Steven Levitt, sun bincika shi a 1998, suka tarar duk birnin da ya yawaita sata na raguwa ƙwarai, don ta kan kai 'yan sanda har cikin garejin da a ke yanka motoci, ɓarawo kuma ba ya iya sanin wace mota ke ɗauke da shi. Amma sun lissafa cewa mai motar da ya biya bai samun ko kashi 10 cikin 100 na amfanin, saura maƙwabta ke kwasa. Ban da haka, sirrin LoJack a wancan lokaci shi ne na'urar bin sawunsa cikin motocin 'yan sanda ta ke. Namu kuwa kai ya ke gaya wa. Ka farka da asuba, ka duba waya, ka ga ɗigo yana tafiya bayan Funtuwa. To, wa zai bi? Wanda ya sa tiraka ya kamata tun ranar ya san ofishin 'yan sandan da zai nufa da lambar da zai kira, kada kuma ya kuskura ya tara 'yan'uwa su bi ɗigon da kansu, don ba ya nuna ko mutum nawa ne a wurin, ko me ke hannunsu.

Sa'an nan rayuwarsa duka a kan sabis ta ke. Mutanen jihar nan ba su manta ba, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 gwamnati ta sa an rufe layukan waya a waɗansu sassan jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, Zamfara ma an rufe nata tun farkon Satumbar. Duk motar da ta shiga waɗannan wurare a lokacin, tirakarta ta zama kurma. Ko ba a rufe ba, dazuzzuka nawa ne ba sabis? Ga kuma layin da ke ciki. Sa'ad da hukumar sadarwa ta tilasta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, aka toshe waɗanda ba a haɗa ba a 2022, aka sake a 2024, mutum zai tuna da layin da ke aljihunsa, amma wa ya tuna da wanda ke ɓoye bayan dashbod? Layin da aka daɗe ba a sa masa kati ba shi ma kamfani kan karɓe abinsa. Tiraka da yawa na yawo cikin motoci a mace, masu su na barci da daɗi.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda ya sa. Yaron dillali ne ya ɓoye akwatin, ya san inda ya ke. Shi ya sayi layin, watakila da sunansa. Shi ya buɗe maka shafin a waya, ya san lambar shiga. Watau akwai wani mutum a gari da ya san inda motarka ke kwana kowane dare, yana kuma iya kashe ta a duk inda ya ga dama. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halalinsu, amma tsaro ba a gina shi a kan yawanci. A 2022 hukumar tsaron kwamfuta ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wata tiraka mai araha ƙirar Sin, MiCODUS MV720, wadda aka baza a ƙasashe da yawa. Cikin aibobin da aka samu har da cewa duk da lambar shiga ɗaya su ke fitowa, 123456, mutane kuwa ba su canjawa. Saboda haka wanda zai sa tiraka ya sayi layi da sunansa, ya canja lambar shiga a ranar, ya tambayi nawa ne kuɗin shekara kafin ya biya na farko, kuma kowace Juma'a ya duba ya ga ko tana numfashi. In ta sami wannan kulawa, ga mota mai tsada ko motar haya da direba ke fita da ita, ta ci kuɗinta. In ba za ta samu ba, ihu bayan hari ma ya fi ta, don shi aƙalla maƙwabta na ji.

Sikiriti, watau ɓoyayyen maɓallin da ke yanke mai ko wuta, shi ma amfaninsa ya rataya ga wanda ya sa. In mai wayarin ɗaya ya sa wa motoci ɗari a wuri ɗaya, ƙarƙashin sitiyari ta hagu, ba sauran ɓuya. Ga tsohuwar motar da ba ta da dabaibayi yana da kyau, in an sa shi da tsabta a wurin da kai ka zaɓa. Aikin ganganci kuwa, wayoyi a murɗe an naɗe da leda, shi ke shanye batir, wani lokaci har ya ta da gobara. Akwai irin da ke barin mota ta yi 'yar tafiya sa'an nan ta mutu, wanda a ke tallatawa don 'yan fashi. Wannan a yi tunani a kansa. In sun bar ka a bakin hanya sun tafi, ya yi maka rana. In kuwa sun tura ka kujerar baya sun tafi da kai, mota ta mutu a daji kana tsakaninsu, kai za a tambaya. Gaban bindiga dai shawara ɗaya ce, a miƙa makulli.

Jiniya ba za mu ɓata tawada a kanta ba. Tsawa na ta da ita, akuya na ta da ita, yara masu ƙwallo na ta da ita, har unguwa ta saba. Wanda motarsa ke kwana lungu uku daga ɗakinsa ba zai ma ji ba.

Zanen lamba a gilashi da madubi da fitilu yana da ɗan amfani a kan ɓarawon gaɓoɓi, don madubin da ke ɗauke da lambar motar wani ba ya sayuwa da daɗi. Amma aikin mintoci ne, masu yi na zaune a bakin titi. A Amurka wannan zane ya yi suna cikin kayan da dillalai ke cusa wa mai saye. Wata ƙungiyar lauyoyin masu sayayya ta bincika a 2017, ta tarar ana ninka kuɗinsa fiye da sau uku. Hukumar ciniki ta ƙasar ta kafa doka a Disambar 2023 don hana cusa irin waɗannan kaya, kotu ta soke dokar a Janairun 2025. In can da ke da hukuma da lauyoyi haka a ke fama, mai saye a nan sai ya zama lauyan kansa: a rubuta masa kuɗin mota daban, kuɗin kowane ƙari daban, ya ce zai je ya yi shawara. Wanda aka ce masa "an riga an sa, sai dai ka biya," ya ce a cire.

Inshora, Da Motar Da Ba Ta Dillali Ba Ce

Duk kayan nan babu wanda ke mayar maka da kuɗi in mota ta tafi. Inshora kaɗai ke yin haka, ita ma ba kowace ba. Takardar da yawancinmu ke riƙewa don 'yan sanda, wadda hukumar inshora ta ƙasa ta mai da kuɗinta naira 15,000 daga naira 5,000 a Janairun 2023, ta ɓarnar da ka yi wa wani ce, har zuwa naira miliyan 3 na dukiya. Ba ruwanta da sata. Mai ɗauke da sata ita ce cikakkiya, wadda a wannan sanarwa aka ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. A misali, motar naira miliyan 10 za ta ci naira 500,000 kowace shekara, fiye da wata bakwai ke nan na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka kafa a 2024. Ba kowane malami zai iya ba, mun sani. Akwai ta tsakiya, mai ɗauke da ɓarnar wani da gobara da sata, ban da gyaran haɗarinka, a tambayi kuɗinta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful da hukumar ta ba lasin. Kowacce aka ɗauka, a karanta sharuɗɗa, don waɗansu kamfanoni ba su biya sai an sa tiraka mai aiki, kuma a sabunta darajar motar kowace shekara, kada a biya ka kuɗin shekara uku da suka wuce.

Saura haɗari guda da dillali ba ya ambatawa, watau motar da ya ke sayar maka kayan tsaronta ita kanta ta sata ce. A watan Mayu na 2024 hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ta ce cikin wata uku an gano motoci fiye da 1,500 da aka sace a Kanada a ƙasashe dabam-dabam. A Satumbar wannan shekara hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka kama a Nijeriya. Ba dole dillalin ya sani ba, motar ta bi hannu biyar kafin ta iso shi. Amma ranar da aka gano, motar za a ɗauka, mai riƙe da ita kuma sai ya yi bayanin yadda ta zo hannunsa, tun da karɓar kayan sata laifi ne a doka. Wanda ya saya da zuciya ɗaya zai kuɓuta, kuɗinsa ne ba su kuɓuta ba.

Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1981 tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, babu harafin I ko O ko Q a cikinsu. Tana nan a gindin gilashin gaba wajen direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da cikin takardun kwastan. A gwada su ɗaya bayan ɗaya, a shafa farantin a ji ko an taɓa shi. A kai lambar ofishin rajistar motoci na 'yan sanda a duba, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a canja sunan mallaka nan da nan. Motar da kuɗinta ya faɗi ƙasa da na 'yan'uwanta ba dalili, mai ita kuma yana gaggawa, a bar masa abinsa.

Wanda ya riga ya saya kuwa, yau ɗin nan ya kwafe lambar shasi da ta inji a littafi, ya ɗauki hoton motar ta kowane gefe, har da ɗan lotsawar nan da shi kaɗai ya sani, ya ajiye takardun asali a gida ya riƙa yawo da kwafi. Su ne abin da za a fara tambayarsa a kan kanta in ya je caji ofis na Kawo da asuba, kuma mutum nawa ne suka tsaya a irin wannan wuri suna lalube aljihu, alhali takardun na cikin motar da ta tafi.